Kayan aro ba ya rufe katara: masu jiki da kasuwar tufafi a Damargu

Daga Tanut har Balbeji kasuwanni sun cika da tufafin kanti da na gwanjo, waɗanda suka fi ɗinkin tela sauƙin kuɗi. To amma akwai wani rukunin jama'a da wannan araha ba ta kai gare shi ba, wato masu jiki, maza da mata, waɗanda kan zo kasuwa da kuɗinsu a hannu su koma gida da shi. Asarar kuwa ta mutum biyu ce, mai saye da mai sayarwa.

Duk wanda ya taɓa kwana a Tanut cikin watan Disamba ko na Janairu ya san sanyin Damargu ba abin wasa ba ne. Iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta biyo sahara babu abin da ya tare ta, ta iso gari da ƙura da ɗari mai shiga ƙashi. A wannan lokaci ne ƴan gwanjo, waɗanda aka fi sani da ƴan bosho, ke cin kasuwarsu. Sai su shimfiɗa leda a ƙasa, su zube rigunan sanyi da huluna da safa, jama'a su yi musu caa, kowa na tono. Yaro ya samu, budurwa ta samu, siririn dattijo ya samu. Can gefe kuma sai a ga wata uwar ƴaƴa mai cikar jiki tana ɗaga riga tana karawa a kafaɗa tana ajiyewa, ta ɗauki wata ta ja hannunta ta ga ba zai shiga ba, har ta gama tulin kaf. Mai kaya ya ba ta haƙuri, ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Kasuwa mai zuwa ma haka za a yi, har sanyi ya wuce tana fama da mayafi biyu.

Ba a cika ɗaukar wannan a matsayin matsala ba, don kuwa a yankin da ya ga yunwar 1984 da ta 2005, maganar wanda tufafi suka yi wa kaɗan takan zo wa mutane kamar ba'a. Sai dai ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Tanut na da mutum sama da 400,000, ita kuma ta Balbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011, tana da kusan 100,000. A cikin mutum rabin miliyan, ko da kaɗan ne ke da jiki, kaɗan ɗin nan dubbai ne, kuma galibinsu su ne masu abin saye: matan aure, ƴan kasuwa, dillalan dabbobi, ma'aikatan gwamnati da iyalansu.

Tufafin gado ba su san lamba ba

Abin lura shi ne, matsalar baƙuwa ce. Tun zamanin ayari, Damargu mashigar tufafi ce. Fatake kan sauko daga Agadas da gishiri da dabino, su ɗauki hatsi a nan, su zarce Damagaram da Kano, su komo da saƙi da baƙin rini da turkuɗin Kura wanda Abzinawa ke naɗi da shi. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Damargu a Janairun 1851 kafin ya isa Kano, ya shaida cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan cinikin Kano, kuma tufafinta na kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus.

Waɗannan tufafi ba a yi su don su kama jiki ba. Babbar riga da ƙyallayen saƙi ake haɗa ta, in ana son faɗi sai a ƙara ƙyalle, kuma yalwarta ita ce adonta. Wando na da zariya, mai shi ne ke ɗaurewa daidai ƙugunsa, ko ya rame ko ya yi ƙiba. Zane da lafaya da rawani kuwa ko allura ba su buƙata sosai, naɗawa ake yi. Riga guda uba kan sa ta, ya bar wa ɗa, ƙane ya ara ya je ɗaurin aure. Mace ta yi ciki, ta haihu, ta yi goyo, ta yaye, duk da zane ɗaya. A ƙasar da binciken gwamnati ya ƙiyasta haihuwar kowace mace a kan ƴaƴa 7.6 a 2012, da 6.2 a 2021, wannan ba ƙaramar hikima ba ce, domin jikin matar aure ba ya zama wuri ɗaya shekara biyu a jere.

Yadda lamba ta shigo kasuwa

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, atamfa da shadda na ciki. A waɗannan shekaru ne kuma ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. Magidanta da yawa da a da suke jin kunyar a gan su wajen ƴan bosho sai suka koma can. Bayan da ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a ƙarshen 2001, fataken Afirka ta Yamma suka kama hanyar Guangzhou da Dubai, daga baya har da Turkiyya, suna dawowa da riguna da wanduna da abaya da jallabiya ɗinkakku. A daidai lokacin masaƙun Kaduna da Kano ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, shi ma kamfanin SONITEXTIL na Yamai, wanda ya koma ENITEX bayan an sayar da shi, bai iya tsayawa gaban kayan waje ba.

Rigar kanti kuwa da lamba take zuwa, kuma lambar tana da tarihi. A shekarun 1939 da 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000 don a fitar da ma'aunin ɗinki, amma awon fararen fata kaɗai aka riƙe. Ma'aunin da aka gina a kan wannan aiki ya fito a 1958, aka soke shi a 1983 bayan an ga bai dace da jikin mata da yawa ba. Faransa ta yi nata awon a kan mutum sama da 11,000, ta bayyana sakamakon a 2006. Masana'antun Asiya kuma suna yanka ne a kan jikin mutanensu, shi ya sa rigar da aka rubuta wa XL a can takan zo daidai da matsakaiciya ta Turai. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan awo da aka yi shi a kan Bahaushiya ko Babarbariya ko Bafulatana.

Su kansu lambobin ba su jitu da juna ba. Rigar mace mai lamba 40 a Faransa, wadda zagayen ƙirjinta ya kai wajen santimita 92, ita ce 38 a Jamus, 44 a Italiya, 12 a Ingila. Duk waɗannan kan haɗu cikin dila ɗaya, su iso kasuwar ƙauye, inda mai sayarwa da mai saye babu wanda ya san wace ƙasa ta buga lambar. Don haka awon da ya rage shi ne a kara riga a kafaɗa, ko a zagaya bakin wando a wuya, a biya, a je gida a gani.

Me ya sa manyan ba sa isowa?

Mai karatu zai iya tambaya, tunda Turawa da Amurkawa ba su rasa masu jiki ba, ina tufafinsu ke maƙalewa? Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce ƙima, a Amurka kuwa kusan mutum huɗu cikin goma na manya masu ƙiba ne sosai. Ke nan manyan riguna suna nan a duniya. Amsar tana cikin tsawon hanya da yawan hannayen da kaya ke bi.

Gwanjo kan taso cikin diloli masu nauyin kilo 45 ko 55, ya sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, ya hau mota zuwa Maraɗi ko Damagaram. Nan ake kwance dila, manyan ƴan kasuwa su yi zaɓen fari, na biyu su biyo, abin da ya saura shi ke ɗaukar hanyar Agadas ya yi tafiyar kilomita wajen 150 zuwa Tanut, daga nan kuma ya watsu kasuwannin ƙauye na Gangara da Falanko da Tarka. Babbar riga mai kyau ba ta wuce zaɓen fari, saboda dalili mai sauƙi: babba ana rage ta, ƙarama ba a ƙara ta. Siriri na iya sayen babba ya kai wa tela ya matse, mai jiki kuwa ba shi da wannan dama. Ke nan mutum biyu ke neman riga ɗaya, kuma na birni ne ke riga gani.

Asalin dilar ma na da tasiri. Wadda ta fito daga Amurka ko Kanada takan ƙunshi manya da yawa, wadda ta fito daga Sin ko Koriya kuwa ƙanana sun fi yawa, kuma a ƴan shekarun nan Sin ta shiga sahun gaba na ƙasashen da ke fitar da gwanjo. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke sayen dila a rufe ba kasafai yake tambayar inda ta fito ba, farashi yake tambaya.

Sababbin kaya kuma da dozin ake sarinsu, a Kantin Kwari ta Kano ko a kasuwar Dole ta Damagaram, kuma dozin ɗin matsakaita ne suka fi yawa a ciki, babba ɗaya ko biyu ne, wani lokaci babu. Mai ƙaramin jari ba ya son kayan da za su kwana. Ya fi so ya sari rigunan samari da ƴan mata da zai karɓi kuɗinsu a kasuwa biyu, da ya ɗaure jarinsa a kan babbar riga yana jiran mai ita. Duk lokacin da hanya ta yi tsada kuma, wannan tsoro ƙaruwa yake. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'ad da takunkumin CEDEAO da rufe iyakar Benin suka sa kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada.

Abin da mai jiki ke biya

Wanda bai samu a kanti ba sai ya koma ga tela, a nan kuma lissafi ya sake. Turmin atamfa yadi shida ne, ana raba shi uku: zane, riga, da na ɗaurin kai ko na goyo. Zane mai yadi biyu tsawonsa wajen santimita 183 ne. Macen da zagayen ƙugunta santimita 100 ne, za ta naɗa ya rage mata fiye da 80 na rufi, ta yi tafiyarta hankali kwance. Wadda nata ya kai 140 kuwa, abin da zai rage bai fi 43 ba, taku ɗaya zane ya buɗe. Dole ta ci cikin rabon riga, rigar ma ga shi ta fi cin yadi. Ƙarshenta sai ta haƙura da ɗaurin kai, ko ta sayi turmi biyu inda maƙwabciyarta ta sayi ɗaya. In anko ne na biki, wanda akan yanka wa kowa daidai wa daida, sai ta ƙara kuɗi ko ta fita daban cikin ƙawaye.

Haka abin yake ga lefe. Dangin ango kan cika akwati da kayan kanti ba tare da sun san awon amarya ba, ranar buɗe kaya a yi guɗa, bayan biki a tarar rabin kayan sai dai a ba ƙanne. Haka kuma ga ma'aikacin da aka turo aiki Tanut ko Balbeji, malamin makaranta ne ko ma'aikacin likita ko na ofis, wanda aikinsa ke buƙatar wando da taguwa da ɗamara. In nasa suka tsufa, sai ya jira ranar da wani dalili zai kai shi Damagaram, ko ya ba direba saƙo, a kawo masa abin da bai gwada ba kuma ba a mayarwa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi ciwo. Al'ada na yaba cikar jiki, ana ɗaukarta alamar hutu da wadata da kulawar miji. A yammacin ƙasar nan Zabarmawa na da bikin hangandi na yabon mata masu jiki, a birane kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan ƙwayoyin sa ƙiba da masu tallar magani ke sayar wa mata. Ga shi kuwa matar da aka yaba a gida, in ta zo kasuwa sai ta ji yaran shago na dariya suna cewa sai dai a haɗa mata biyu. Mata da yawa saboda wannan ne suka daina zuwa da kansu, suke aike. Gaskiya ne ƙiba mai yawa na jawo hawan jini da ciwon suga, kuma maganar likita a kan haka abin ji ce. Amma wannan magana ce ta ɗakin likita. Mai hawan jini ma sanyi yake ji, kuma kafin ya rage jiki sai ya sa riga.

Tela da iyakarsa

Har yanzu tela shi ne madogarar masu jiki a Damargu, kuma ya cancanci yabo. Sai dai akwai abin da keken ɗinki ba ya yi. Tela ba ya saƙa rigar sanyi, ba ya yin safa, kuma kaɗan ne ke iya ɗinka rigar mama, wadda ita ce mata masu jiki da masu shayarwa suka fi wahalar samu, suka kuma fi jin nauyin tambaya, musamman in mai shagon namiji ne.

Ko a ɗinkin atamfa ma akwai gyara. Yawancin teloli a hannun maigida suka koya, da ido suke yanka. Mace kuwa ba ta son namiji ya zagaya mata ma'auni a jiki, sai ta aiko da tsohuwar riga a yi awo da ita, alhali tsohuwar ta riga ta yi mata kaɗan, shi ya sa ma take neman sabuwa. Babbar riga ba ƙaramar riga ce da aka faɗaɗa ba. Hammata da kafaɗa da damtse da tsawon gaba kowanne da irin ƙarin da yake so, in aka ƙara faɗi kaɗai sai wuya ya zube, hannu ya matse. In kuma sallah ta gabato, ɗinki ya yi wa tela yawa, aikin da ke cin lokaci shi ake turawa baya.

Kasuwa ce ke jiran mai ɗauka

Ƴan kasuwar Damargu na iya ɗaukar darasi daga wata tela mai suna Lena Bryant, baƙuwa daga Lituwaniya, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da jariri. A 1904 ta buɗe shago a New York, ta fara da rigunan masu juna biyu, sannan ta koma ga mata masu jiki waɗanda manyan kantuna suka yi watsi da su. Shagon nata, Lane Bryant, ya zama kamfani mai rassa ɗaruruwa. Abin da ta gane shi ne, wanda ya daɗe yana nema bai samu ba, ranar da ya samu ba ya yawan ciniki, ba ya sake shago, kuma shi zai kawo ƴan uwansa.

Ba sai da babban jari ba. Ɗan kasuwa ya sayi ma'aunin tela da littafi, ya rubuta awon abokan cinikinsa da santimita, ya bar dogara da lambar da ke wuyan riga. Kafin ya sayi dila ya tambayi ƙasar da ta fito, ya kuma sani cewa gidajen tantance gwanjo na ɗaure manyan kaya a dila ta daban, ana iya neman ta da suna wajen babban dillali. In dila ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ƴan kasuwa uku ko huɗu na Tanut da Bakin Birji da Balbeji na iya haɗa kuɗi su raba. Odar kayan sanyi a yi ta tun watan Oktoba, kafin na birni su tsince. Yau da hoto ke tafiya ta WhatsApp, kuɗi ke tafiya ta kamfanonin aike, mota ke kawo saƙo kullum, babu dalilin da zai sa a sari kaya a makance. Matan da ke kai kaya gida gida kuwa su ne suka fi kowa dama, domin a ɗaki mace za ta gwada, ta faɗi abin da ba za ta faɗa a bainar kasuwa ba.

Hukuma ma na da nata. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo, na iya sa darasin awo da yankan manyan kaya cikin abin da ake koya wa ƴan mata masu koyon ɗinki, domin tela mace ita ce za ta auna mace yadda ya kamata. Masu ba da kwangilar kayan aiki na makarantu da gidajen likita su riƙa karɓar awon kowane ma'aikaci, su ba telolin gari aikin, maimakon a kawo tuli daga nesa a ce kowa ya zaɓa. A 1998, a duwatsun Tigidit da ke kan wannan hanya ta Agadas, Alphadi ya tara manyan masu ɗinki na duniya a bikin FIMA na farko, ya nuna cewa ƙasar nan na da abin nunawa a harkar tufafi. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta kasa suturta iyayenta mata ba.

Magabata sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Lambar da ke wuyan rigar kanti aro ce, a jikin wasu aka auna ta. Sanyi na tafe kamar yadda ya saba, matar nan kuma za ta sake zuwa bakin leda da kuɗinta ƙulle a gefen zane. Ɗan kasuwar da ya tanadi abin da zai shige ta, shi zai karɓe su. Allah ya ba mai nema sa'a, ya rufa asirin kowa.